Tsintsiyar Baba Sallau

Da an sallame sallar asuba a ɗan masallacin da ke bakin Zango, Baba Sallau ba ya tsayawa doguwar gaisuwa. Ba rashin ladabi ba ne, tsere yake yi da kofaton awaki. In mata suka riga shi buɗe wa dabbobi ƙofa, to sun tattake masa aikin yini guda. Matarsa Hajjo takan miƙo masa goran fura daga zaure, ya rataya jakar fata a kafaɗa, ya ɗauki ƴar gwafarsa, wato sandar nan mai baki biyu da yake danne kan maciji da ita. Abu na ƙarshe da yake sa wa a hammata shi ne wanda ya fi jawo masa dariya a Damagaram: tsintsiya.

Namiji da furfura, da gemu, da tsintsiya a hammata! Mahautan da ke tafiya mayanka ba su taɓa barinsa ya wuce lafiya ba.

"Sallau, yau gidan wa za a share?"

"Gidan da ko an ba ka bijimin sa ba ka leƙawa," in ji shi, bai ko waiwaya ba.

Shekara ashirin da shida yana wannan fita. Bana ya ajiye gwafa, shi ya sa na ga ya kamata a faɗi ko shi wane ne tun yana da kunnen ji.

Ga abin da tsintsiyar take yi. Da la'asar yakan zaga inda yake zato, gindin dutse ne, ko bakin suri, ko ramin gafiya da aka bari, ya share rairayin da ke kewaye ya yi sumul kamar an shimfiɗa sabon ƙyalle. Ya tafi gida. Washegari da hasken farko ya dawo ya sunkuya, duk abin da ya shiga ko ya fita ya bar masa sawu. Kasa tana tafiya a miƙe, sawunta da faɗi kamar an ja taɓarya. Kumurci yana lanƙwasa kamar igiyar guga da aka yar. Damo yana barin ƙafafu huɗu da jan wutsiya a tsakiya, kunkuru kuwa sai ka ce tsoho ne ya ja takalmi. Amma akwai sawun da in Baba Sallau ya gani yake gyara riƙon gwafarsa: ƴan gajerun layuka a karkace, ɗaya gaban ɗaya, ba sa taɓa juna, kamar tsagar da wanzami ke yi a kumatu. Wannan kububuwa ce. Ba ta kai kamu biyu ba, launinta launin ƙasa, kuma ita ta fi kowane maciji cika kushewa a ƙasar nan.

Waɗanda suka yi lakwal, wato makarantar boko, sun karanta labarin Turawa masu shiga dazukan ƙasarsu, inda itatuwa ke da ganye siriri kamar allura, suna ɗaga ɓawon itace suna neman macizai, a buga hotonsu a littafi da hula da dogon takalmi. Namu dajin na goriba ne da gawo da sabara, da duwatsun nan da suka hau kan juna a bayan Birni. Namu mutumin kuwa da takalmin fata yake shiga, kuma har yau ba wanda ya ɗauki hotonsa. Ya bi kurmin dabinon Gidimuni, ya bi lambunan Mirya, ya san kowane suri tsakanin nan da Tirmini. Masu dafi yakan kawo su da rai gidan likita, a zuba su cikin akwatunan katako masu huji, mota ta tafi da su can nesa bakin teku, inda ake tatsar dafinsu a haɗa magani. Maganin ya dawo mana a ƴan kwalabe kamar ɗan yatsa. Duk wanda aka yi wa allurar saran maciji a Damagaram ya tashi, da hannun Baba Sallau a cikin tashinsa, ko da bai san sunansa ba.

Wata shekara wani Bature mai tara halittu ya zo, suka yi kwana arba'in tare a daji. Sallau ya samo masa guza da damo da hawainiya da macizai iri-iri, Baturen yana sa su a kwalba yana manna takarda. Da littafinsa ya fito, Majo Zakari, babban ma'aikacin jinya na gidan likita, ya samu ya karanta masa. Ko'ina sunan Baturen ne, a wuri ɗaya tak aka ce "wani ɗan ƙasa ya taimaka." Majo ya fusata har ya buga tebur. Sallau ya ce, "Majo, ya rubuta cewa hawainiya ba ta da dafi?" Aka ce ya rubuta. Ya ce, "To ya isa. Shekara nawa ina faɗa wa mutane su bar kashe ta, ba su ji ba. Wataƙila su ji daga takarda."

Kai ne haka, Baba. Kai ne kake fito da kumurci daga rumbun gero ba tare da an ƙona rumbun ba. Kai ne ka riƙe kan wani makiyayi a Mirya da gamsheƙa ta tofa masa dafi a ido, ka yi ta zuba masa ruwa da madara yana zaginka, har ya ga fuskarka ya fara neman gafara. Kai ne in ka kama maciji mai cin ɓera marar dafi kake mayar da shi gindin rumbu, ka ce wa mai gida, "Wannan ɗan gadinka ne, ba ya cin tuwonka." Waɗannan duk an gani, an faɗa. Amma in za a tuna ka da rana ɗaya, to ranar gonar gyaɗa ce, a kakar 1956.

Sai an koma baya kaɗan kafin a gane nauyin ranar.

Mahaifin Sallau, Dodo, gardi ne da ya yi suna. Yana wasa da macizai a kasuwanni, yana sayar da magani da layu, mutane sun yarda dafi ba ya cinsa. Wata kaka kububuwa ta sare shi a ƙafa. Aka kira mijin ƙanwarsa, Nomau wanzami, ya yi abin da kowane wanzami ke yi tun kakanni: ya tsaga wurin sau bakwai da aska, ya kafa ƙaho don ya zuƙe dafin. Sallau, lokacin yana saurayi, shi ya riƙe ƙwaryar da jinin ke zuba. Jinin bai tsaya ba. Kwana huɗu yana tsiyaya daga tsagar nan bakwai har Dodo ya cika. Mutane suka ce wani maƙiyi ne ya karya masa magani. Amma Sallau ya ga abin da ba wanda ya kula da shi: jinin da ya kwana a ƙwarya ya wayi gari ruwa tsululu, bai daskare ba. Bai faɗa wa kowa ba. Ta yaya zai faɗa, alhali Nomau ya fi kowa kuka a makabarta? Daga ranar dai bai ƙara sayar da laya ko ɗaya ba. Sai bayan shekaru Majo Zakari ya bayyana masa cewa dafin kububuwa tsinka jini yake yi, don haka kowace tsaga ƙofa ce da aka buɗe wa rai.

Nomau ya rasu ya bar wa ɗansa Ɗan Azumi zabira da askar nan. Ɗan Azumi taubashin Sallau ne, ɗan mace, don haka Sallau ba ya kiransa komai sai "bawana", shi kuma yana ce masa "uwargida mai shara". Ba su taɓa haɗuwa ba a yi musu dariya ba. A wani ƙauye kusa da Tirmini yake zaune, kuma a gidansa Sallau ke sauka in aiki ya kai shi yamma.

Ran nan da hantsi Sallau yana dawowa daga duba sharar jiya, sai ya ji kururuwa daga gonar gyaɗa. Rakiya ce, ƴar Ɗan Azumi, matar wani manomi Tanimu, da goyo a bayanta. Ta sa hannu ƙarƙashin tarin harawa za ta ɗauki dami, abu ya sare ta a gindin babban yatsa. Ba ta ga ko mene ne ba. Kafin Sallau ya iso an kwantar da ita a inuwar gawo, an karɓe jaririn, rabin ƙauyen ya tattake kewayen harawar, samari sun kawo wuta za su cinna mata. Ba mai kiran sunan abin, kowa sai "igiyar ƙasa ce, igiyar ƙasa ce." Ɗan Azumi kuwa ya durƙusa, ya buɗe zabira, ya fitar da ƙaho, yana wasa aska a tafin hannunsa. Gumi ya jiƙe masa riga.

"Ku kashe wutar nan!" Sallau ya daka wa samarin tsawa. Ya durƙusa ya kama hannun Rakiya. Huji biyu ne ƙanana, kusa da juna. Ya share jinin da yatsa, ya sake fitowa. Ya share, ya sake fitowa, siriri kamar ruwan zoɓo.

"Baba Sallau, kamar an ɗora mini garwashi," in ji ta.

"Na sani, ƴata. Kar ki motsa hannun."

"Matsa, uwargida," in ji Ɗan Azumi, muryarsa ba wasa a ciki. "Yau ba ranar shara ba ce."

Ya kai aska. Sallau ya riƙe masa wuyan hannu.

A ƙasar nan ba a riƙe hannun wanzami yana kan aiki, balle uba a kan ƴarsa.

"Sake ni, Sallau."

"Ba ka tsagawa."

"Ƴarka ce ko tawa?"

"Taka ce. Shi ya sa."

"Shekara talatin ina wannan aiki! Ubana ya yi, kakana ya yi. Kai da ka watsar da gadon gidanku ka koma kai wa Nasara tsutsotsi a akwati, kai za ka koya mini?"

Nan ne Sallau ya faɗi abin da ya haɗiye shekara ashirin da biyu. Bai ɗaga murya ba, amma kowa ya ji.

"Askar da ke hannunka ita ta tsaga ubana. Ni na riƙe ƙwarya. Ba maƙiyi ya kashe Dodo ba, Ɗan Azumi. Tsaga bakwai ce ta zubar da shi."

Wata tsohuwa ta yi salati. Fuskar Ɗan Azumi ta yi toka.

"Ubana kake cewa ya kashe kawu? A gaban mutane?"

"Cewa nake kar ka yi wa yarinyar nan abin da aka yi masa. In kububuwa ce, aska ajalinta ce. Maganinta yana gidan likita."

"In ita ce! Wa ya gani? Kai ka gani? In kasa ce fa, ko kumurci, in zauna ina kallon dafi yana hawa don ka yi mafarki?"

Maganarsa da ƙamshin gaskiya, Sallau ya sani. Shi kansa Majo kwalabensa iri biyu ne, kuma abin da yake fara tambaya ke nan: wane iri ne ya yi saran? Sallau ya ɗaga kai ya dubi rana, ya dubi inuwar gawon da ta miƙe yamma tana janyewa.

"Ba ni lokaci har inuwar nan ta dawo gindin gawo. In ban kawo maka kububuwar a hannu ba, ka yi abin da ka ga dama."

"In ta taɓa gindi zan tsaga, ko da za ka kwanta a kanta."

Sallau ya tura Tanimu bakin hanya ya tare duk motar da ta nufi gabas. Ya kori mutane baya. Sannan ya zare tsintsiya daga hammata ya fara shara.

Ku duba wannan da idon zuci, ƴan uwa. Mace kwance tana nishi, uba riƙe da aska, jariri yana tsala kuka a hannun kakarsa, shi kuma dattijo ya sunkuya yana share gona. Wata mata ta ce a fili, "Wayyo, mutumin nan ya taɓu." Bai ji ba. Ya share kewayen tarin harawar kaf, faɗin taku uku, ya shafe sawun duk wanda ya tattaka wurin, har rairayin ya koma sabo. Ya sa aka kawo dogayen sanduna biyu, ya tsayar da maza biyu a gefe guda, ya ce su riƙa ɗaga harawar dami-dami daga nesa suna jefawa baya. Ɗaya gefen ya hana kowa tsayawa. Ya san halinta: ba ta son hayaniya, in an dame ta ta nan, ta can za ta sulale.

Dami ya tashi, ba komai. Wani ya tashi, kunama ta fito aka take ta. Tarin yana raguwa, inuwa tana raguwa. Rakiya ta fara cewa kanta yana juyawa. Aka ɗaga damin ƙarshe, ƙasa fayau, ba ko tsutsa. Wani saurayi ya yi tsaki, ya ce da an bar su sun cinna wuta da tuni an gama. Ɗan Azumi ya jawo hannun ƴarsa ya ɗora a gwiwarsa. Saura taki ɗaya inuwa ta taɓa gindin gawo.

Sallau ya faɗa mini cewa a wannan lokacin ya ji ƙwaryar nan ta dawo hannunsa da nauyinta. Amma bai dubi inda harawa ta tashi ba, sharar ya bi. Ya zaga a sunkuye, hancinsa kusa da ƙasa, har ya kai gefen da ya hana mutane tsayawa. Suna nan. Layuka biyar a karkace, ɗaya gaban ɗaya, sun ratsa sharar sun nufi wani kututturen sabara.

"Wanzami!" ya kira. "Taso ka karanta mini. Kai ka san tsaga. Wannan ta wane gida ce?"

Ɗan Azumi ya zo da aska a hannu ya duba. Ya daɗe yana dubawa.

"Sawu ba maciji ba ne," in ji shi, amma a hankali.

"To ku yi mini shiru."

Sallau ya matsa gindin sabarar ya buga ƙafa sau ɗaya. Sai ga ƙarar nan da duk manomi ya sani, kamar an ɗiga ruwa a kaskon suya mai zafi. Kububuwa ce take goga jikinta. Ya ɗaga reshe da gwafa, ta kawo sara ta sami itace, kafin ta sake naɗewa ya danne ta, ya sa yatsu biyu a bayan kanta ya ɗago ta tana murɗawa a damtsensa. Ƴar ƙarama, ba ta fi zira'i ba. Ya kawo ta gaban taubashinsa.

A daidai nan Rakiya ta juya ta tofar da yawu. Ja ne. Dasashinta ya fara zubar da jini, alhali ba abin da ya taɓa bakinta.

Ɗan Azumi ya dubi yawun, ya dubi askar. Ya naɗe ta, ya sa a zabira, ya ɗaure bakin zabirar, ya miƙa wa Sallau.

"Riƙe mini wannan," in ji shi. "Ban yarda da hannuna ba."

Kamyon da Tanimu ya tare, wato babbar motar kaya, na gyaɗa ne, mai tuƙinsa wani ɗan Birni da ake kira Mai Nasara. Ya yarda a ɗora mai ciwo a kan buhuna, amma da ya ga jakar Sallau tana motsi sai ya ja da baya.

"A'a, Baba! Ko ita ko abin nan. Motata ba ta ɗaukar su biyu."

"Yaro, ka taɓa shiga biro, ofishin hukuma, ba takarda?"

"Ban taɓa ba."

"To wannan ita ce takardarta. Ja mu tafi."

Suka iso Damagaram rana ta karkata. Majo Zakari ya leƙa cikin jaka, bai tambayi komai ba, ya buɗe akwatin magani ya ɗauko irin kwalaben da suka dace. Uku suka rage masa, ukun ya yi mata. Yana ɗaure hannun ya ce wa Ɗan Azumi, bai san cewa wanzami ne ba, "Kun yi dabara da ba ku kira mai aska ba. Da an tsaga hannun nan, da gawa kuka kawo mini."

Kwana biyu Rakiya tana tsakanin nan da can. Hannun ya kumbura har kafaɗa. A safiya ta uku Majo ya fito da ɗan kofin gilashi da jininta a ciki, ya kifa shi a gabansu. Bai zubo ba. Ya daskare. Sallau ya ce a duk rayuwarsa bai ga abin da ya kai wannan gudan jinin kyau ba.

Su biyu suka zauna a inuwar bango, ba mai duban wani. Can Ɗan Azumi ya ce, "Ubana ya mutu bai sani ba."

"Ya yi abin da aka koya masa. Ni ma ai ban hana ba, ƙwarya na riƙe."

"Me ya sa ba ka faɗa ba duk shekarun nan?"

"Kunyar gwaggo. Da tsoron kar in rasa bawa."

Ɗan Azumi ya share ido da hannun riga. "Allah wadan uwargidan da ba ta iya ko dafa ruwa," in ji shi. Daga nan aka san zumunci bai karye ba. Rakiya ta koma gida da ƙafarta a kwana na tara.

Kai ne, Baba, ka zaɓi a zage ka a gaban mutane da a yi makoki. Kai ne ka buɗe ciwon gidanku don ka rufe na wani. Ba ka karanta baƙi ko ɗaya a takarda, amma ƙasar Damagaram ta yi maka rubutu shekara ashirin da shida kana karantawa ba ka yi tuntuɓe ba. Sallau na Hajjo, mai karatun rairayi!

Da damanar bana, watan da aka sauke tutar Faransa aka ɗaga tamu, an kira sunaye a fili, an rataya lambobin girma a ƙirazan manya. Baba Sallau yana can baya cikin taro yana tafi da hannu biyu, ya fi kowa murna. Ba a kira shi ba, bai ma san ana iya kiransa ba. A cikin watan ne kuma Hajjo ta ga ya dawo gida tun kafin fura ta huce a gora. Ta ce, "Malam, lafiya?" Ya jingine gwafa a bango ya ce, "Na sunkuya yau, na kasa raba sawun damo da na guza. Yanar ido ta rufe mini gani. Wanda ba ya gani ba ya wasa da kububuwa." Bai yi gardama da shekaru ba. Ya kai wa Majo jakar fata, ya yi sallama da ma'aikata ɗaya bayan ɗaya, ya dawo zaurensa.

Amma je ka ƙauyukan Tirmini yau ka gani. Mata ba sa fara sharar safe sai sun zaga gindin rumbu sun duba ƙasa, don shi ya koya musu. In aka yi sara, ba a cinna wa harawa wuta, ba a tattake wuri. Ɗan Azumi kuwa har gobe yana aski, yana kaciya, yana ƙaho ga mai ciwon baya, amma in aka aiko masa cewa igiyar ƙasa ta taɓa wani, zabira a gida yake barinta. Shi ne ma yake tsayawa a kan mai ciwo yana korar sauran wanzamai, yana cewa, "Ku tambaye ni, ni na sani."

Ƙasarmu sabuwa ce, kowa yana maganar wanda zai hau kujera. Ni dai roƙona ga samarin Damagaram, musamman mu da muka iya riƙe alƙalami: gwafar nan tana jingine a bango, kuma kububuwa ba ta san an sami ƴancin kai ba. Gidan likita yana bukatar mai kawo ta. Mai ilimin yana nan da ransa a bakin Zango, bakinsa garau, ba ya rowar abin da ya sani. Ku je ku zauna gabansa. Ku koyi duba ƙasa kafin ku taka, ku koyi riƙe hannun wanda kuke ƙauna in zai yi ɓarna da kyakkyawar niyya. In an yi muku dariya saboda tsintsiya, ku tuna wanda aka fara yi wa.

Mun gode, Baba Sallau. Madalla da kai. Allah ya saka maka da alheri a madadin waɗanda suka tashi ba su san sunanka ba, ya haskaka maka ido, ya ba Hajjo ladan jiran da ta yi kowace safiya.

Makon jiya, bayan an gama cirar gyaɗa, Rakiya ta zo gari kamar yadda take yi kowace kaka, da sabuwar tsintsiyar da ta ɗaura da hannunta, hannun nan mai tabo biyu ƙanana. Ta kwana a ɗakin Hajjo. Da safe Baba Sallau ya fito zaure yana lalube, ya tarar da ita a sunkuye a ƙofar gida, ba ta fara shara ba.

"Wa ya wuce, ƴata?"

"Ƙadangare biyu, Baba. Sai kazar maƙwabta. Sai wani tsoho mai jan takalmi da ya tafi masallaci."

Ya yi dariya har ya dafa bango.

"Kin karanta daidai," in ji shi. "To, share."